Sauya Babur a Sakkwato: Sharhi Kan Matsakaicin Babur Mai Gudu da Hidimar da Ke Biyo Bayansa

A unguwannin tsohon birnin Sakkwato, daga Ƙofar Rini zuwa Ƙofar Marke da Ƙofar Atiku, babur kayan aiki ne. Shi ke kai yara makaranta, shi ke kai maigida kasuwa ya dawo da buhun gero a baya, shi ne kuma jarin 'yan kabu-kabu. Galibin baburan nan ƙanana ne: Boxer, TVS, Daylong, Kasea, Haojue da roba-roba. Sai dai akwai masu babur da nasu ya gaji, ko aka sace shi, ko suka ga ya yi musu kaɗan, waɗanda ke tunanin in za su sake saye gara su hau mataki na gaba, su ɗauki irin wanda matasa ke kira fawa-baik.

Muhawarar da ake yi a majalisu kan wannan batu cike take da ruɗani. Wani yana ɗauka yawan si-si shi ne gudu. Wani yana ganin duk babur ɗin da aka lulluɓe da roba mai tsinin hanci na tsere ne. Mafi yawa kuma suna lissafa kuɗin saye kaɗai, su manta da cewa sai an biya kuɗin ne hidimar take farawa. A gari irin Sakkwato, tambayar da ta fi nauyi ba wanne ya fi gudu ba ce. Ita ce: wanne za a iya ci gaba da riƙewa a nan, da fetur ɗin nan, da zafin nan, da kanikawan da ake da su?

Kalmomin da ake ruɗewa a kansu

Si-si ma'auni ne na girman cikin silinda, wato ramin da fistan ke hawa da sauka a ciki yana matse fetur da iska kafin fulogi ya kunna musu wuta. Si-si 1,000 daidai yake da lita ɗaya. Ke nan abin da si-si ke faɗa shi ne girman cikin inji, ba ƙarfinsa ba. Ƙarfi kuwa da abin da ake kira ƙarfin doki ake auna shi.

Misalai za su fi fito da bambancin. Boxer mai si-si 100 yana ba da kimanin doki 8, mai 150 kuma kimanin 12. Pulsar NS200 na kamfanin Bajaj yana ba da kimanin 24. Tsohon samfurin Royal Enfield Himalayan mai si-si 411, wanda ya ninka Pulsar girman inji, shi ma a kimanin 24 ɗin ya tsaya. Kawasaki Ninja 650 yana da kimanin doki 67, amma Yamaha R6 mai si-si 599, wanda bai kai shi girman ciki ba, yana kusantar doki 120. Dalili shi ne R6 silinda huɗu gare shi, kuma sai injinsa ya haura juyi 14,000 a minti ɗaya yake fitar da cikakken ƙarfinsa, alhali Ninja 650 mai silinda biyu yana kai ƙarshen nasa a wajen juyi 8,000. Mai neman "ɗari shida" ba tare da ya san wannan ba yana iya komawa gida da babur ɗin da ya ninka abin da yake nufi.

Matsakaici kuma ba shi da iyakar da doka ta yanka a Najeriya. A bakin masu ƙera babura da masu sayar da su, ana nufin waɗanda ke tsakanin si-si 300 zuwa kimanin 700 ko 800. A Turai ba si-si ake dubawa ba wajen lasin matsakaicin mataki, wanda suke kira A2. Ƙarfi ake dubawa: kada ya wuce kilowat 35, wato kimanin doki 47. Shi ya sa Honda ta ƙera CBR500R ya tsaya daidai kan wannan iyaka.

Shi kuwa babur mai gudu, da yanayin zamansa ake gane shi. Hannuwansa suna ƙasa, matakan ƙafa sun ja baya, mahayi ya duƙa kan tanki, robobi kuma sun rufe injin don su tsaga iska. Amma a ƙarƙashin wannan kama gida biyu ne. Akwai na tsere zalla waɗanda aka sa wa fitila da lamba don su hau titi: R6, Honda CBR600RR, Suzuki GSX-R600, Kawasaki ZX-6R. Akwai kuma na titi da aka yi wa siffar na tsere: Ninja 400, Ninja 650, Yamaha R3 da R7, CBR500R. Galibin na biyun suna da 'yan uwa marasa roba, inji ɗaya amma zama a miƙe, kamar Yamaha MT-07, Kawasaki Z650 da KTM Duke 390. Sannan a kasuwa akwai babura masu robobin na tsere alhali injin da ke ciki na si-si 150 ko 200 ne. Ba laifi ba ne mutum ya saye su in ya san abin da ya saya. Laifin shi ne a karɓi kuɗin fawa-baik a kansu.

Yadda kasuwar ta kai haka

Dattawa sun san zamanin da baburan Japan da Vespa ke mulkin titi. Honda ta kafa masana'antar haɗa babura a Ota ta jihar Ogun tun 1979. Daga baya baburan Sin irin su Jincheng suka shigo da araha, sai na Indiya suka biyo baya suka mamaye harkar haya. Duk wannan tarihi na ƙananan babura ne, kuma a kansu aka gina komai: kanikawan da suka koyi aiki, shagunan kayan gyara, masu faci, har dillalai. Matsakaicin babur bai taɓa samun irin wannan gata ba. Yawanci na hannu ake shigo da shi daga Amurka, Turai ko Japan, ya sauka Legas, ya zaga hannun masu sha'awa a Legas da Abuja, kafin ɗaya-ɗaya su iso Arewa maso Yamma.

Abubuwa biyu suka girgiza lissafin a 2023. A ranar 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa Oktoban 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da dama. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da take kimanin naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024. Na farko ya sa masu motoci da yawa suka fara kallon babur. Na biyu ya sa duk abin da ake shigowa da shi, daga babur ɗin kansa har taya da fulogi, ya yi tashin gwauron zabi.

Me ya sa ake son sauyawa?

Amsar wannan tambaya ce ya kamata ta zaɓi babur, amma ita aka fi tsallakewa. Wanda tafiyarsa ba ta wuce daga Ƙofar Rini zuwa babbar kasuwa ko sakatariya ba, ba abin da doki 60 za su ƙara masa sai nauyi. Boxer bai wuce kilo 110 zuwa 125 ba. Ninja 650 ya haura kilo 190. A lungun da za a yi ta kauce wa yara da awaki da masu tura ruwa, a juya babur a wuri mai ƙunci, a shigar da shi zaure da dare, wannan bambanci kullum sai an ji shi a jiki.

Wanda aikinsa ke kai shi Birnin Kebbi, tafiyar kimanin kilomita 150, ko Illela da ke bakin iyaka da Ƙonni, yana da hujja ta gaskiya. Ƙaramin babur a babban titi yana tafiya ne a ƙarshen numfashinsa, ba shi da sauran ƙarfin da zai wuce tirela cikin hanzari, kuma iskar manyan motoci tana kaɗa shi. A nan matsakaicin babur ya fi natsuwa.

Mai gudun tsadar fetur shi ne ya fi bukatar alƙalami. Ƙaramin babur mai lafiya yana yin kilomita 50 ko fiye da lita ɗaya. Masu si-si 300 zuwa 400 suna yin kimanin 25 zuwa 30, masu silinda biyu na 650 kimanin 20 zuwa 25, na tsere masu silinda huɗu kuwa sau da yawa ba sa kai 20. Sun fi mota sauƙin sha, gaskiya ne, amma in aka haɗa da kuɗin taya da sarƙa da baƙin mai, rangwamen ba ya kai yadda ake zato.

Akwai kuma mai sha'awa kawai, kuma sha'awa dalili ce da ba a raina ta. Abin da ake so shi ne mutum ya kira ta da sunanta, kada ya lulluɓe ta da zancen tattali.

Zafi, ƙura da fetur

A nan ne Sakkwato ta bambanta da ƙasashen da aka ƙera baburan nan dominsu, a nan ne kuma shawarar da ake gani a bidiyon Turawa take gazawa.

A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a Sakkwato yana wuce digiri 40 a kai a kai. Ƙananan babura iska ce ke sanyaya injinsu. Matsakaita kusan duk ruwa ne, mai zagayawa ta lagireto, da fanka mai tashi in zafi ya yi yawa. A buɗaɗɗen titi wannan tsari ya fi na iska kyau nesa ba kusa ba. A cunkoson cikin gari kuwa fanka ce ke ɗauke da dukan aikin, tana kuma hura zafin a cinyoyin mahayi, musamman a masu rufaffiyar roba. Ranar da fankar ta mutu ko lagireto ya toshe, injin yana iya lalacewa cikin 'yan mintoci. Ruwan da ake zubawa ma na musamman ne. Ruwan rijiya ko na famfo yana barin datti da tsatsa a hanyoyin cikin inji, ɓarnar da ba ta bayyana sai ta yi nisa.

Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma ƙurar hunturu ce. Matatar iska ta ƙaramin babur a gefe take, minti kaɗan an cire an wanke. A yawancin babura masu gudu tana ƙarƙashin tanki, sai an kwance robobi an ɗaga tankin kafin a kai gare ta, shi ya sa ake yawan ƙyale ta. Lokacin canji da littafin kamfani ya rubuta an yi shi ne don ƙasashe marasa ƙura. A nan dole a rage shi sosai. Sarƙar waɗannan babura ma daban take: tsakanin gaɓoɓinta akwai 'yan zobban roba masu riƙe maiko. Wanke ta da fetur, kamar yadda aka saba yi wa ta Boxer, yana cinye zobban. Kananzir ake sa mata, sannan man sarƙa kaɗan, domin mai yawa yana kama yashi ya zama abin da ke goge haƙoran sarƙar.

Fetur shi ne babban al'amari. Kafireta, wadda ke haɗa fetur da iska a ƙananan babura, tana jure datti. In ta toshe kowane bakanike zai kwance ta ya hure. Matsakaitan babura na zamani injekta gare su, wato 'yan bututu masu fesa fetur ta ƙananan huda, da famfon lantarki a cikin tanki, da ƙwaƙwalwar inji mai sarrafa su. Fetur ɗin 'yan bumburutu da aka tace da tsumma, ko wanda aka gauraya, yana kashe famfon ya toshe injekta. Ko a gidan mai ba a tsira gaba ɗaya ba: a Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta Beljiyam, ya lalata injuna kafin a janye shi daga kasuwa. Ban da tsabta akwai batun daraja. A Turai mai babur yana zaɓar fetur mai lamba 95 ko 98, lambar da ke nuna yadda fetur ke jure matsi ba tare da ya kama wuta kafin lokaci ba. A gidajen mai na Najeriya iri ɗaya ake sayarwa. Injunan tsere masu silinda huɗu suna matse fetur sosai, kamfanoninsu kuma mai babbar lamba suka ce a zuba. Masu silinda biyu irin Ninja 650 da Suzuki SV650 an yi su ne su sha na gama-gari. Wannan kaɗai ya isa ya karkata ma'auni.

Baƙin mai ma ba kowanne ba. Kulocin babur a cikin man inji yake wanka, don haka wasu mayukan mota masu yawan santsi suna sa shi zamewa. A duba alamar JASO MA a jikin galan kafin a yi juye.

Sai titi. Tsakanin cikin Ninja 650 da ƙasa milimita 130 ne kacal. Suzuki V-Strom 650 yana da kimanin 170, Himalayan 220. Tudun rage gudu da mutanen unguwa suka gina da kansu, ko kwata da ta ratsa lungu, sun isa su daki salansa. Ƙafafun Ninja 650 na zubi ne, ba masu waya ba; in ya faɗa rami da gudu sai su lanƙwashe ko su tsage, ba kamar mai waya da ake miƙewa ba. Tayar baya mai lamba 160/60-17 ba a kowane shago ake samunta ba, sau da yawa sai an aiko da ita daga wani gari, kuma ƙarfen da mai faci ke zare tayar Boxer da shi yana iya ɓata bakin ƙafar har ta daina riƙe iska.

Inda ra'ayoyi suka saɓa

Masu goyon bayan baburan Japan na hannu suna cewa babu kamarsu wajen inganci, kuma suna da gaskiya. SV650, wanda ya fito tun 1999, da MT-07 na 2014, sun yi suna wajen juriya a duniya baki ɗaya. Raunin wannan ra'ayi shi ne ba a san tarihin babur ɗin da ke gaban mai saye ba. Da yawa daga waɗanda ake shigowa da su daga Amurka an sayo su ne a gwanjon ababen hawan da suka yi hatsari, aka sa musu sababbin robobi. Araha ba ta ado: na tseren da aka ga farashinsa ya faɗi ƙasa da na 'yan uwansa, akwai abin da ya sa.

Masu goyon bayan na Indiya suna kafa hujja da sabunta da kusanci. Indiya ƙasa ce mai zafi da ƙura da cunkoso, kamfanoninta kuma sun daɗe a kasuwar Najeriya. Ba kuma ƙananan babura kaɗai suke yi ba yanzu. Bajaj ce ke ƙera Duke 390 na KTM a masana'antarta ta Chakan kusa da Pune tun 2013, a kan tushen injinsa kuma ta fitar da Dominar 400 a ƙarshen 2016. TVS ta haɗa kai da BMW a 2013, daga nan aka samu BMW G310R da Apache RR310. Sai dai kasancewar shagon kayan Boxer a kowace kusurwa ba ya nufin akwai kayan Dominar a ciki. Suna ɗaya ne, kaya daban. Kafin a yi ciniki ya kamata a shiga shagunan kayan gyara na garin a tambayi abu huɗu da sunan samfurin: takalman birki, matatar mai, sarƙa da haƙoranta, da wayar kuloci. Amsar da aka samu a nan ta fi duk abin da dillali zai faɗa.

Na Sin suna da magoya baya saboda farashi, kamfanoni irin CFMoto kuma sun ɗaga darajar aikinsu. Matsalarsu ita ce yawan sunaye: samfurin da ya cika kasuwa bana yana iya ɓacewa baɗi tare da kayan gyaransa.

Akwai ra'ayi na huɗu, wanda ke cewa tambayar ce ma ba daidai ba. A ganin masu wannan ra'ayi, abin da ya dace da titunan Sakkwato, Kebbi da Zamfara shi ne babur mai tsayin ƙafa da zama a miƙe, irin V-Strom, Versys 650, Honda CB500X ko Himalayan. Dokin sukuwa ba shi ake ɗaura wa tafiyar fatauci ba. Idan aka auna da abin da aka zayyana a sama, wannan ra'ayi ya fi sauran ƙarfin hujja ga mai doguwar tafiya. Ga wanda zuciyarsa ta tsaya kan mai gudu kuwa, tsarin da ya fi hankali shi ne: mai tasowa daga si-si 125 ko 150 ya tsaya tsakanin 200 da 400, wanda ya riga ya goge a wannan mataki ya duba masu silinda biyu na 500 zuwa 700, ya fi kyau marasa roba, na tsere masu silinda huɗu su ne mafi rashin dacewa da cikin birni.

Duk wanda aka zaɓa, a fara neman bakanike kafin babur. Wanda ya ƙware a Boxer ba lallai ya taɓa ganin inji mai ƙwaƙwalwa ba, kuma lalube a cikin wayoyin irin wannan babur yana da tsada.

Doka da halin tsaro

A yankin da 'yan bindiga suka mai da babur abin hawansu, hukuma ba ta kallon babur kamar yadda mai shi ke kallonsa. A ƙarshen Agusta da farkon Satumban 2021 gwamnatocin Zamfara, Katsina da Sakkwato suka kafa dokokin tsaro da suka taɓa babur kai tsaye: taƙaita zirga-zirga da dare, hana goyon mutum uku, da hana sayar da fetur a jarka. A Katsina har an dakatar da cinikin babura na hannu a kasuwar Caranci. A Yulin 2022 gwamnatin tarayya ta ce tana duba yiwuwar hana babura a ƙasar baki ɗaya, ko da yake ba a aiwatar ba. Irin waɗannan dokoki suna sassautawa su kuma tsananta gwargwadon hali, don haka mai niyyar bin hanyar Isa, Sabon Birni ko Tangaza ya binciki abin da ke aiki a lokacin.

Ma'aunin si-si ma yana juyawa daga jiha zuwa jiha. Dokar hanya ta Legas ta 2012 ta hana baburan da ba su kai si-si 200 ba hawa manyan tituna. Jihar Neja kuwa a 2021 manyan ta nufa, ta hana sayar da masu si-si 185 zuwa sama. Babur ɗaya yana iya zama abin yarda a wata jiha, abin zargi a wata.

Takardu a nan ba ado ba ne. Ana bukatar takardar biyan kuɗin kwastan mai ɗauke da lambar jikin babur, rasidin saye, lamba, lasin tuƙi na rukunin A, da inshora. Tun Janairun 2023 mafi ƙarancin inshora, mai biyan ɓarnar da aka yi wa wani, naira 3,000 ce ga babur a shekara, 'yan sanda kuma sun sanar da fara tilasta ta daga 1 ga Fabrairun 2025. Kusancin Sakkwato da iyaka yana sa a riƙa tallan babura marasa takardar kwastan da farashi mai daɗi. Ragin da aka samu ba ya kai darajar babur ɗin da aka kama a shingen bincike.

Abin da ke iya biyo baya

Idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke bukata kafin babur ya tsaya yana ninkawa kusan sau huɗu. Hannun da ya saba murɗa Boxer har ƙarshe ba tare da wani abu ya faru ba, in ya yi wa mai doki 70 haka a giya ta ɗaya, ƙafar gaba tana iya tashi ko ta baya ta zame. Birkin gaba na waɗannan babura ma yana da kaifi. Mai damƙe shi a firgice a kan yashi ƙasa zai je. Maganin wannan shi ne ABS, na'urar da ke hana taya kullewa ta hanyar saki da kama birki sau da yawa cikin daƙiƙa. Tarayyar Turai ta wajabta ta ga sababbin baburan da suka wuce si-si 125 daga 2016, Indiya kuma ta kammala wajabta ta a Afrilun 2019. In an sami babura biyu masu kusan farashi ɗaya, ɗaya da ABS ɗaya babu, ba sai an yi dogon tunani ba.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta hular kwano tun 1 ga Janairun 2009, amma kowa ya san yadda titunanmu suke. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna hula mai kyau tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 40 cikin ɗari, raunin kai kuma da kimanin kashi 70. Uzurin zafi gaskiya ne a Sakkwato, sai dai akwai huluna da riguna masu hudojin iska da aka yi domin ƙasashe masu zafi. Kuɗinsu, da na safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu, cikin kuɗin babur ya kamata a lissafa su tun farko. Babbar riga da silifa ba kayan hawan babur mai sarƙa a buɗe da gudun kilomita 120 ba ne.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabta. Salansar da aka cire wa abin rage ƙara, a lungun da gidaje ke manne da juna da masallaci a kowace kusurwa, tana jawo wa dukan masu manyan babura baƙin jini, irin wannan ƙorafi kuma shi ke zama dalilin sabuwar doka.

Kafin a miƙa kuɗi

A je duba babur na hannu da safe, a taɓa injin a tabbatar da sanyi yake, domin inji mai matsala yakan ɓoye ta in an riga an ɗumama shi. A bar shi yana aiki a tsaye har fanka ta tashi ta kuma tsaya da kanta. Lambar jikin babur, wadda a na zamani haruffa da lambobi 17 ce, tana nan a wuyan firam. A gwada ta da ta takarda, a kuma duba ko an goge an sake bugawa. Ƙarshen hannuwa, matakan ƙafa da gefen inji su ke tona asirin faɗuwa, ko da robobi sababbi ne. Mai a jikin sandunan gaba alama ce ta robar da ta mutu. A gefen taya akwai lambobi huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta tsufa tana bushewa ko da zanenta bai cinye ba. A nemi makulli biyu, domin a wasu samfura makullin yana da ɗan guntun lantarki da ƙwaƙwalwar inji ke ganewa, in duk suka ɓace gyaran yana iya kaiwa ga sauya ƙwaƙwalwar.

A fiƙihun Malikiyya mai saye yana da damar mayar da kaya in ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa. Amma tabbatar da cewa aibin ya riga ciniki yana da wuya in ba a rubuta komai ba. A rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar jiki da ta inji, da abin da mai sayarwa ya bayyana na lahani, da la'adar dillali, shaidu su sa hannu.

Saura tsohon babur. In yana da sauran rai kuma akwai hali, barinsa a gida don zirga-zirgar cikin gari yana rage wa sabon wahalar lungu da cunkoso, ya kuma cike gurbi a makonnin da ake jiran wani ƙarfe ya iso daga Legas. In kuwa sayarwa za a yi, a san wanda aka sayar wa, a riƙe kwafin katin shaidarsa, a kuma je ofishin lasin a sauya sunan mai mallaka. Muddin ba a yi haka ba, duk inda aka tsinci babur ɗin, sunan tsohon mai shi ne zai fito a rajista.